Ibn al-Nafis: Likitan da ya gano hanyar jini tsakanin zuciya da huhu

A yau ɗalibin sakandare kan zana zuciya a littafinsa, ya raba ta ɗaki huɗu, ya ja kibiya daga ɓangaren dama zuwa huhu, ya ja wata daga huhu zuwa hagu. Abin da yaron yake zanawa cikin minti goma, manyan likitocin duniya sun shafe fiye da shekara dubu suna kuskure a kansa. Mutumin farko da aka san ya gyara kuskuren a rubuce shi ne Ala'uddin Ali bin Abil Hazm, wanda aka fi sani da Ibn al-Nafis.

An haife shi a yankin Dimashƙa ta ƙasar Sham tsakanin shekarar 1210 da 1213. Ya koyi likitanci a asibitin Nuri, wanda Sarki Nuruddin Zangi ya gina a 1154, a hannun babban malami Muhazzabuddin al-Dakhwar. Wajen 1236 ya koma Alƙahira, inda ya ƙare rayuwarsa yana duba marasa lafiya, yana kuma karantar da fiƙihu a mazhabar Shafi'iyya.

A zamaninsa, maganar Galen, likitan Girka na ƙarni na biyu wanda Larabawa ke kira Jalinus, ita ce yankan hukunci. Galen ya koyar da cewa jini yana ratsawa daga ɗakin dama na zuciya zuwa na hagu ta wasu 'yan ƙofofi da ke jikin shamakin da ya raba su. Babu wanda ya taɓa ganin ƙofofin, sai aka ce ƙanƙantarsu ce ta hana. Ibn Sina ma, da duk girmansa, ya karɓi wannan a littafinsa Al-Ƙanun.

Wajen 1242, yana ɗan kimanin shekara talatin, Ibn al-Nafis ya rubuta sharhi a kan sassan Al-Ƙanun da suka shafi ƙirar jiki. A nan ya fito fili ya ce shamakin tsoka ce mai kauri, ba shi da ƙofa, ta bayyane ko ta ɓoye. To, ta ina jinin yake bi? Amsarsa ita ce yana fita daga ɗakin dama ta babbar jijiya zuwa huhu, ya bazu a cikinsa ya cuɗanya da iska, sannan ya dawo ta wata jijiyar zuwa ɗakin hagu. Ya ƙara da cewa lallai akwai 'yan mashigai a cikin huhu da suke haɗa jijiyoyin biyu. Sai a 1661 Marcello Malpighi ɗan Italiya ya ga waɗannan siraran jijiyoyi da madubin ƙara girma, a huhun kwaɗo.

Ya kuma saɓa wa Ibn Sina a wasu wurare biyu. Ya ƙi yarda cewa manyan ɗakunan zuciya uku ne, ya ce biyu ne. Ya ce tsokar zuciya tana samun abincinta ne daga jijiyoyin da suka ratsa jikinta, ba daga jinin da ke cikin ɗakinta ba. Waɗannan ne jijiyoyin da toshewarsu kan jawo bugun zuciyar da ke kashe mutum farat ɗaya.

Yadda ya gano hakan abin muhawara ne har yau, domin shi da kansa ya ambata cewa shari'a da tausayi sun hana shi feɗe gawa. Adalci kuma shi ne a faɗi iyakarsa: bai kai ga bayanin zagayen jini a dukkan jiki ba. Wannan aikin William Harvey ne na Ingila, a 1628.

Marubuci ne mai saurin gaske. Marubutan tarihinsa sun ruwaito cewa akan fiƙe masa alƙaluma da yawa a ajiye, ya fuskanci bango ya yi ta rubutu da ka, in ɗaya ya dushe ya ɗauki wani. Ya tsara kundinsa Ash-Shamil a kan mujalladi 300, ya kammala 80. Sun kuma ruwaito cewa a cutar ajalinsa an ba shi shawarar shan giya a matsayin magani, ya ƙi, don kada ya sadu da Ubangijinsa da ita a cikinsa.

Ya rasu a Alƙahira a watan Disamba na 1288, bayan ya yi waƙafin gidansa da littattafansa ga asibitin Mansuri.

A Turai, Michael Servetus a 1553 da Realdo Colombo a 1559 suka kawo irin bayaninsa, aka daɗe ana jingina musu gano shi. Sai a 1924 wani likita ɗan Masar, Muhyiddin al-Tatawi, da ke karatu a Jamus, ya gabatar da kundin digirinsa a jami'ar Freiburg a kan wani kwafin sharhin da ya tarar a ɗakin karatu na birnin Berlin.