Charles Steinmetz: Ɗan gudun hijirar da Amurka ta kusa korewa, ya zama gwanin lantarkinta

A shekarar 1889, jami'an shige da fice na birnin New York sun tsayar da wani saurayi ɗan shekara 24 da ya sauka daga jirgin ruwa. Tsawonsa bai fi ƙafa huɗu ba, yana da ƙusumbi, aljihunsa wayam, Turancinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Dokar ƙasar ta 1882 ta ba su ikon mayar da duk baƙon da suke ganin zai zama nauyi a kan gwamnati, kuma abin da suka yi niyya ke nan. Abokin tafiyarsa, Oscar Asmussen, shi ne ya tsaya masa har aka bar shi ya wuce.

Sunan saurayin Karl Steinmetz. An haife shi ranar 9 ga Afrilu, 1865, a Breslau, birnin da a lokacin yake cikin Jamus, a yau kuma yake ƙasar Folan da sunan Wrocław. Ƙusumbin gado ne, domin mahaifinsa da kakansa duk da shi suka rayu. Ya shiga Jami'ar Breslau a 1883, ya yi fice a lissafi, sannan ya faɗa cikin ƙungiyar ɗalibai 'yan gurguzu a zamanin da Bismarck ya haramta ayyukansu da dokar 1878. Rubuce-rubucensa a jaridar 'yan gurguzu suka sa 'yan sanda suka fara farautarsa. A 1888, yana gab da karɓar digirin dakta, ya tsere zuwa Zurich a Siwizalan, ya bar digirin a baya. Daga can ya nufi Amurka.

Aikinsa na farko zanen injuna ne a masana'antar Rudolf Eickemeyer da ke Yonkers, kusa da New York. Eickemeyer shi ma Bajamushe ne da ya baro gida bayan boren 1848, kuma mai yiwuwa ya hango ƙuruciyarsa a jikin wannan baƙo. A nan Steinmetz ya ci karo da matsalar da ta addabi masu ƙera injunan lantarki. Idan wuta mai kai-da-komo tana ratsa inji, ƙarfen da ke cikinsa yakan riƙa sauya maganaɗisunsa sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, wani kaso na wutar ya salwanta ya koma zafi. Ba wanda ya san yadda zai auna wannan asara tun kafin a ƙera injin. Sai an gama, a kunna, idan ya yi zafi fiye da kima a sake wani. A 1892 ya gabatar wa ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta Amurka ƙa'idar lissafin da ke nuna yawan asarar tun a kan takarda. Shekara guda bayan haka ya fito da hanyar da ta sauƙaƙa lissafin wuta mai kai-da-komo, irin wadda taransifomar unguwa ke raba wa gidaje a yau. Ɗaliban injiniyanci har yanzu da ita suke aiki, da yawansu ba tare da sanin mai ita ba.

Kamfanin General Electric ya saye masana'antar Eickemeyer, ya gaji Steinmetz tare da ita, kuma a 1894 ya koma Schenectady, inda ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. Ya zama ɗan ƙasa, ya sauya sunansa zuwa Charles Proteus Steinmetz, ya koyar a Kwalejin Union, ya yi rajistar ƙirƙire-ƙirƙire sama da 200.

Sai dai akwai tufka da warwara a rayuwarsa. Mutumin da ya bar ƙasarsa saboda gurguzu ya shafe shekara talatin yana azurta ɗaya daga cikin manyan kamfanonin 'yan jari-hujja. A littafinsa na 1916, America and the New Epoch, ya kare kansa da hujjar cewa manyan kamfanoni, da tsarinsu na haɗa ƙarfi, su ne matakin da zai kai al'umma ga gurguzu. Hujja ce da ta yi wa kamfanin daɗi fiye da yadda ta amfani leburorinsa, kuma tarihi bai gaskata ta ba.

Inda aƙidarsa ta bar alama shi ne a makarantun garin. Bayan George Lunn, ɗan jam'iyyar gurguzu, ya ci zaɓen magajin garin Schenectady a 1911, Steinmetz ya shiga hukumar ilimi har ya shugabance ta. Ya matsa aka gina ƙarin makarantu, aka riƙa ciyar da yaran talakawa, aka buɗe azuzuwa na musamman ga masu buƙata ta daban. A 1915 aka zaɓe shi shugaban majalisar birnin. A 1922 ya nemi kujerar babban injiniyan jihar New York a jam'iyyar gurguzu, ya sha kaye. A shekarar ce kuma ya rubuta wa Lenin yana tayin taimaka wa Rasha wajen shimfiɗa lantarki. Lenin ya amsa da godiya, amma rashin hulɗar jakadanci tsakanin ƙasashen biyu ya hana maganar zuwa ko'ina.

Bai taɓa aure ba, don tsoron kada ya gadar wa 'ya'ya lalurarsa. Maimakon haka ya ɗauki mataimakinsa Joseph Hayden a matsayin ɗa, suka zauna gida ɗaya da matarsa da 'ya'yansa. Ya rasu ranar 26 ga Oktoba, 1923, yana da shekara 58. Watanni bakwai bayan haka, Shugaba Calvin Coolidge ya sa hannu a dokar shige da fice ta 1924, wadda ta ƙayyade wa ƙasashe da dama adadin mutanen da za su shiga Amurka, ta kuma wajabta wa baƙo samun biza tun daga ƙasarsa kafin ya hau jirgi.