Tafawa Ɓalewa: ɗan majalisar da ya fara taɓa mulkin En'e

Yawancin matasa a yau sun san Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ta hotonsa da ke jikin naira biyar, a matsayin firaministan farko mai sanyin murya. Kaɗan ne suka san cewa kafin Legas ta san shi, ɗan majalisar jiha ne a Kaduna, kuma a can ne ya yi aikin da ya fi buƙatar ƙarfin hali a rayuwarsa.

An haife shi a 1912 a ƙasar Bauchi. Ba ɗan sarauta ba ne. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, yaron gidan hakimin Lere ne. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, ya koma Bauchi ya kama aikin malanta a makarantar midil, daga baya aka tura shi Landan ƙarin ilimi a 1945. Da dawowarsa aka zaɓe shi ya wakilci Bauchi a Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa, wadda tsarin mulkin Richards ya kafa.

Majalisar ba ta da wani haƙori. Turawan mulki na zaune a cikinta, sauran wakilan kuwa akasari ma'aikatan En'e ne, albashinsu da muƙaminsu duk a hannun sarakuna suke. A lokacin sarki shi kaɗai ne hukuma a ƙasarsa: kotu tasa, 'yan doka nasa, gidan yari nasa, baitulmali ma a ƙarƙashinsa. Talaka ba shi da inda zai kai kuka.

A watan Agusta na 1950, watan da aka kafa NEPU a Kano, Malam Abubakar ya miƙe ya gabatar da ƙudurin a kafa kwamiti ya binciki tsarin En'e baki ɗaya. Ya yi magana kan cin hanci, da yadda ba a shawartar jama'a, da yadda babu wanda ya san iyakar ikon sarki, har shi sarkin kansa. Ƙudurin ya wuce da rinjayen ƙuri'a ɗaya tak. Wanda ya saba ganin majalisun jihohi na yanzu suna amincewa da kasafin gwamna cikin yini guda zai gane nauyin wannan ƙuri'a.

Sarakuna ba su ji daɗi ba, Turawa ma haka. Duk da haka gwamnati ta sa jami'anta biyu, Maddocks da Pott, suka zagaya larduna suka rubuta rahoto. A 1952 aka soke matsayin sarki na zama hukuma shi kaɗai, aka ɗaure shi da shawarar majalisarsa, sannan dokar En'e ta 1954 ta biyo baya.

Gyara yake nema, ba rushewa ba, kuma nan ya rabu da su Malam Aminu Kano. Ya shiga NPC, jam'iyyar da ta jingina da En'e ɗin da ya soka, ya zama minista a 1952, firaminista a 1957. A shekarun da yake kan mulki, 'yan doka da kotunan alƙalai sun ci gaba da gallaza wa 'yan hamayya, kuma bai hana ba. Wannan tabo ne da masoyansa ba sa son a taɓa.

Sojoji sun ɗauke shi daga gidansa a Legas ranar 15 ga Janairu, 1966, aka tsinci gawarsa bayan kwanaki a bakin hanya, aka binne shi a Bauchi. Tsarin En'e bai kau ba sai da gyaran ƙananan hukumomi na 1976, shekara goma bayan rasuwarsa.