Annabhau Sathe: Ɗan talakawan da ya mayar da ƙasƙantattu jarumai

An haifi Tukaram Bhaurao Sathe, wanda aka fi sani da Annabhau, a ranar 1 ga Agusta, 1920, a ƙauyen Wategaon da ke jihar Maharashtra ta Indiya a yau. Iyayensa ’yan Mang ne, ɗaya daga cikin rukunonin Dalit, wato mutanen da tsarin gado na Hindu ya ajiye a ƙasan kowa, har ake ƙyamar taɓa su. Bayan wannan wulaƙanci, Turawan mulkin mallaka sun sanya wasu ’yan Mang cikin jerin ƙabilun da dokarsu ta ɗauka masu laifi tun daga haihuwa.

Fari ya kori iyalinsa daga gida a 1931, suka taka da ƙafa har Bombay. Bai yi nisa a makaranta ba. A birnin ya yi dako da aikin masaƙa, ya koyi karatu da kansa, sannan ya shiga gwagwarmayar ma’aikata tare da ’yan gurguzu. A 1944, shi da Amar Sheikh da D. N. Gavankar suka kafa ƙungiyar waƙa da wasan kwaikwayo ta Lal Bawta, wadda ke kai kukan leburori dandali.

Da harshen Marathi ya rubuta littattafan ƙagaggun labarai sama da 30. Mafi shahara shi ne Fakira, na 1959, labarin wani ɗan Mang da ya fasa rumbunan masu iko don ciyar da mayunwata, daga ƙarshe Turawa suka rataye shi. Mutumin da doka ta kira ɓarawo, alƙalamin Sathe ya nuna shi mai mutunci da jarumta. Ya sadaukar da littafin ga rubuce-rubucen Dakta Ambedkar, jagoran Dalit, kuma gwamnatin jihar ta karrama shi a 1961.

A taron farko na marubutan Dalit, a Bombay a 1958, ya jaddada cewa tafin hannun ma’aikata da ƙasƙantattu ne ke ɗauke da duniya.

Shahara ba ta kawo masa dukiya ba. Ya shafe shekaru a wata ’yar bukka a unguwar Ghatkopar, ya rasu cikin talauci a ranar 18 ga Yuli, 1969. A 2022 aka kafa mutum-mutuminsa a birnin Mosko, wanda ya ziyarta a 1961.