Nargis: Jarumar da ta zama uwar Indiya, ta kuma shiga gidajen Arewa

Duk wanda ya tashi a Arewa tsakanin shekarun 1960 da 1990 da wuya a ce bai taɓa ganin hoton wata mata ɗauke da garmar shanu a kafaɗa, fuskarta duk taɓo ba. Wannan mata ita ce Nargis, hoton kuma na fim ɗin Mother India ne, wanda sinimomin Kano suka yi ta maimaitawa shekara da shekaru, 'yan kallo kuma ba su gaji ba.

An haife ta a birnin Kalkata ranar 1 ga Yuni, 1929, aka raɗa mata suna Fatima Rashid. Mahaifiyarta, Jaddanbai, mawaƙiya ce kuma tana cikin matan farko da suka shirya fim a Indiya. Mahaifinta ɗan addinin Hindu ne da ya musulunta ya ɗauki sunan Abdul Rashid. Tana da shekara shida mahaifiyarta ta saka ta a fim ɗin Talash-e-Haq na 1935, an kuma san ta da laƙabin Nargis, sunan wani fure a harshen Farisa.

A 1943 darakta Mehboob Khan ya ba ta matsayin babbar jaruma a fim ɗin Taqdeer, tana da shekara 14. Daga 1948 ta haɗu da Raj Kapoor, suka fito tare a finafinai 16, ciki har da Barsaat na 1949, da Awaara na 1951, da Shree 420 na 1955. Awaara ya kai sunanta har Tarayyar Sobiyet da Sin da Turkiyya.

Amma aikin da ya dawwamar da ita shi ne Mother India, wanda Mehboob Khan ya fitar a Oktoban 1957, shekara goma bayan Indiya ta sami 'yanci. Tana da shekara 28 ta fito a matsayin Radha, tun daga amarci har tsufa. Surukar Radha ta ci bashin rufi 500 a wurin Sukhilala, mai ba da rance da ruwa, domin hidimar biki. Bashin ya ƙi ƙarewa, yana cinye kashi uku cikin huɗu na amfanin gona kowace kaka. Mijinta ya rasa hannayensa a ƙarƙashin dutse, kunya ta sa ya bar gida, ambaliya ta share ƙauyen, Radha ta rage ita kaɗai da 'ya'ya. Da ɗanta Birju ya zama ɗan fashi, ya kashe mai rancen, ya sace 'yarsa ranar aurenta, uwar da kanta ta harbe shi.

Ba a rasa dalilin da ya sa labarin ya zauna a zukatan Hausawa ba. 'Yan kasuwa Kwarori, masu gidajen sinima irin su Rex da aka buɗe a Kano a 1937, su ne suka fara shigo da finafinan Indiya a shekarun 1950. 'Yan kallo ba su jin Hindi, amma sun gane abin da ke gabansu: kunyar amarya, ikon suruka, rawani da mayafi, da kalmomi irin su duniya da zamani da harsunan biyu suka aro daga Larabci. Manomin da ya san bashin da ake biya da hatsi a kaka bai buƙaci tafinta kafin ya gane Sukhilala ba. Haka ma mutumin Jalingo, daga unguwar Sarkin Dawaki har ƙauyukan bakin Binuwai, ya san abin da ruwa ke yi wa gona a dare ɗaya. Daga wannan shaƙuwa ce waƙa da rawa suka shiga finafinan Hausa da suka biyo bayan Turmin Danya na 1990.

Fim ɗin ya sauya rayuwarta ta wata fuskar. Ana cikin ɗaukar wani fage na gobara a Gujarat sai wuta ta ƙwace, ta kewaye ta. Sunil Dutt, wanda ya fito a matsayin Birju, ya kutsa ya fito da ita, shi kuma ya ƙone. Ta yi jinyarsa, suka yi aure a Maris ɗin 1958. A shekarar ce ta ci kyautar gwarzuwar jaruma a bikin finafinai na Karlovy Vary, gwamnati ta ba ta lambar Padma Shri, Mother India kuma ya zama fim ɗin Indiya na farko da ya kai zagayen ƙarshe na kyautar Oscar a rukunin finafinan harsunan waje.

Tana kan ganiyarta ta janye daga fim ta koma renon 'ya'ya uku, Sanjay da Namrata da Priya. Ta sake fitowa a Raat Aur Din na 1967, wanda ya sa ta zama mace ta farko da ta karɓi kyautar ƙasa ta gwarzuwar jaruma. Ita da mijinta sun kafa ƙungiyar Ajanta, suna kai mawaƙa bakin iyaka domin ɗebe wa sojoji kewa, ta kuma zama uwar ƙungiyar kula da yara masu lalurar ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi.

A 1980 shugaban ƙasa ya naɗa ta cikin Rajya Sabha, majalisar dattawan Indiya, wadda tsarin mulki ya keɓe wa kujeru 12 na masana da masu fasaha. A can ta tayar da ƙura da ta zargi darakta Satyajit Ray da tallata talaucin Indiya a waje domin neman kyaututtuka. Masu suka suka tuna mata cewa fim ɗin da ya ɗaukaka ta ma yunwa da bashi ya nuna. Bambancin shi ne Mother India ya buɗe ya kuma rufe da bikin ƙaddamar da hanyar ban ruwa, wato alƙawarin da gwamnatin Nehru ta yi wa ƙauye. Muhawarar ba baƙuwa ba ce ga ma'aikacin Abuja da aka ɗora wa kare martabar ƙasa: ɓoye talauci ne kishin ƙasa, ko nuna shi domin a magance?

Ba ta daɗe a majalisar ba aka gano tana da kansar wata gaɓa ta ciki, wadda likitoci ke kira fankiriyas. An yi mata magani a New York, ta dawo Bombay, ta rasu ranar 3 ga Mayu, 1981, tana da shekara 51, aka binne ta a maƙabartar Musulmi ta Bada Qabrastan. Kwanaki kaɗan bayan haka aka ƙaddamar da Rocky, fim ɗin da ɗanta Sanjay Dutt ya fara fitowa jarumi, aka bar kujerarta babu kowa. Shi ne wanda matasan Kano suka yi wa laƙabi da Ɗan Daba Mai Lasin, ɗan Radha ne kuma da iyayensu suka zubar wa hawaye.