Likita Lorenz Bohler: Maɗorin Da Ya Auna Dunduniya

Duk leburan da ya faɗo daga bene a Ikko ko Badun ya dira da ƙafa, aka kai shi asibiti aka ɗauki hoton ƙashinsa, to ya ci moriyar aikin wannan bawan Allah ko bai san sunansa ba.

An haifi Lorenz Bohler ran 15 ga Janairu, 1885, a Wolfurt ta ƙasar Ostiriya. Yana ɗan shekara goma ne Bajamushen nan Wilhelm Rontgen ya gano hasken da ke ratsa tsoka ya nuna ƙashi, watau a 1895. Bohler ya gama karatun likita a birnin Biyana a 1911.

A Yaƙin Duniya na Farko, a 1916, aka ba shi riƙon wani asibitin soja a Bozen. A nan ya kafa ƙa'idarsa ta ɗori: a mai da ƙashi mazauninsa, a ɗaure kada ya motsa sai ya haɗe, amma a riƙa motsa sauran gaɓoɓi don kada su sandare. A 1925 ya buɗe asibitin ma'aikata masu haɗari a Biyana, ya shugabance shi har 1963.

A 1931 ya bayyana dabarar da ta ɗaukaka sunansa. Ana ɗaukar hoton dunduniya daga gefe, a ja layi biyu a saman ƙashin, a auna kusurwar da suka haɗu. A lafiyayyar ƙafa takan kama daga digiri 20 zuwa 40. In ta gaza haka, alama ce ƙashin ya murƙushe, in kuwa ya haɗe a hakan mutum na iya ɗingishi har ƙarshen ransa.

Sai dai tarihinsa da tabo. Ya shiga jam'iyyar Hitila a 1938, saboda haka aka hana shi koyarwa a jami'a a 1945, aka mai da shi a 1947. Ya rasu ran 20 ga Janairu, 1973.

To jama'a, in ɗan'uwa ya faɗi, dunduniya ta kumbura ya kasa takawa, kada a ce targaɗe ne a sa shi a mota sai wurin mai ɗori. A fara ɗaukar hoto tukuna, domin hannu ba ya ganin abin da ke cikin ƙashi.