Dakta Walter Miller: likitan da ya kasa ceton Gimi

An haifi Walter Miller a Ingila a 1872. Ya karanta aikin likita a Landan, sannan ya tafi Tarabulus koyon Hausa. A 1900 ya shigo ƙasar Hausa cikin tawagar Bishop Tugwell ta ƙungiyar mishan ta CMS, amma Sarkin Kano Aliyu Babba ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Suka koma Girku ta ƙasar Zazzau, inda abokin tafiyarsu Dudley Ryder ya rasu, gobara kuma ta cinye masaukinsu.

Daga 1905 Miller ya zauna a birnin Zariya, yana magani yana koyarwa, masu karɓar addininsa kuwa ƙalilan ne. Sai a 1913 wasu daga cikin Isawa, mabiya koyarwar Malam Ibrahim da aka kashe a Kano saboda aƙidarsa game da Annabi Isa, suka nemo shi da kansu. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, da makaranta da majami'a. Miller ya ɗauka addu'arsa ce ta karɓu.

Ba a daɗe ba ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya afka wa ƙauyen. Manya da yara suka yi ta mutuwa, iliminsa na likita bai tsare su ba, har Gimi ta zama kufai.

Duk da haka bai tattara ya koma gida ba. Ya duƙufa kan fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wadda aka buga a 1932, bayan mishan ta ƙaura zuwa Wusasa. Ya rasu a 1952 a yankin Jos.