Malam Muhammadu Bakatsine, Gwanin Lissafi Da Ya Rasu A Masar

A shekarar 1741, watau 1154 ta Hijira, wani baƙon malami ya riga mu gidan gaskiya a birnin Alƙahira, a gidan mai masaukinsa. Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillacen ƙasar Katsina, wanda Larabawa ke kira Alkashnawi. Ba shi ne na farko da ya bar gida neman abin da ya fi ba, amma kaɗan ne suka bar suna a baƙon wuri kamar yadda ya bari.

Malam Muhammadu ya tashi a zamanin da Katsina ke cike da malamai da fatake, ayari na shiga yana fita zuwa Agadas da ƙasashen bayan hamada. Ya yi karatu wurin malaman ƙasar Hausa da na Barno, ya ƙware a nahawu da manɗiƙi da ilmin taurari. Amma fannin da ya fi shahara da shi shi ne hisabi, musamman ilmin wafaƙi, wanda mutanenmu suka fi sani da hatimi.

Wajen shekarar 1730 ya ɗauki hanyar Makka. A wancan lokaci tafiyar raƙumi ce da ƙafa, wadda kan ci watanni ko shekaru, kuma da yawa ba su komowa. Bayan ya sauke farali sai ya zauna a ƙasar Hijaz na ɗan lokaci, daga nan ya wuce Masar. Cikin waɗannan shekaru ne ya rubuta littafinsa Bahjatul Afaƙ a kan haruffa da wafaƙi, a 1732, sa'an nan ya kammala Durrul Manzum a Alƙahira. Ya kuma yi wani littafi a kan manɗiƙi, da wani a kan nahawu.

To, mene ne wafaƙi? Gidaje ne ake zanawa a jere, a zuba lambobi ciki, ta yadda kowane layi aka haɗa, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimla ɗaya za a samu. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida tara: 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Ko ta ina aka bi, 15 ne. Dalili kuwa, daga 1 zuwa 9 jimlarsu 45, in aka raba wa layi uku kowane ya sami 15. Mai gida 25 kuwa kowane layinsa 65 yake bayarwa. Malam Muhammadu ya bayyana hanyoyin cika irin waɗannan gidaje masu layi uku, biyar, bakwai da sauransu, ba tare da lalube ba.

Akwai hikima ko a zaman lamba 5 a tsakiya. Layi huɗu ne ke ratsa gidan tsakiya, jimlarsu 60. Amma dukan lambobin 45 ne kawai. Rarar 15 ta zo ne domin an ƙirga gidan tsakiya sau huɗu maimakon sau ɗaya, watau sau uku a banza. A raba 15 gida uku, sai ga 5. Wannan dabara ta cire abin da aka maimaita ƙirgawa ita ce har yau ake gwada ɗalibai da ita a jarrabawar shiga karatu mai zurfi. Misali, in a wani zango mutum 20 na jin Hausa, 15 na jin Yarbanci, 5 daga cikinsu na jin duka biyu, to mutanen 30 ne, ba 35 ba.

A Alƙahira Malam Muhammadu ya sami masauki wurin Shehu Hasan Aljabarti, babban malamin Azhar kuma masanin taurari, wanda shi ma kakanninsa baƙi ne daga ƙasar Habasha. Mai gida ya zauna gaban baƙonsa ya ɗauki karatun wafaƙi. Da ajali ya matso, Malam Muhammadu ya bar masa wasiyyar littattafansa. A can aka yi masa sutura, bai sake ganin ganuwar Katsina ba.

Da ba domin wannan amana ba, da wuya labarinsa ya kawo yanzu. Ɗan mai masaukin, Abdurrahman Aljabarti, wanda aka haifa bayan rasuwar malamin, shi ne ya zama babban marubucin tarihin Masar, har ya rubuta labarin shigar sojan Faransa ƙasar a 1798. A cikin littafinsa Aja'ibul Asar ya sa tarihin baƙon mahaifinsa tare da na manyan malaman zamanin.

Daga baya masana suka waiwaye shi. A 1967 Malam Hassan Gwarzo ya yi rubutu a kan aikinsa a wata mujallar Jami'ar Ibadan, a 1973 kuma wata Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta bayyana wafaƙansa a littafinta na lissafin mutanen Afirka. Akwai kwafen Bahjatul Afaƙ na rubutun hannu a ajiye a London.

Ga mutanen Arewa mazauna Agege da Sabon Ibadan da sauran zanguna, tarihinsa na nuna cewa abin da baƙo ya ɗauko a kansa ya fi abin da ya ɗauko a buhu daɗewa. Allah Ya jiƙansa da rahama, amin.